Rawa ma motsa jiki ce: abin da muka baro a dandali

Yau maganar rawa za mu yi. Na san da jin kalmar wani ya ɗaure fuska, to a ɗan yi mini haƙuri a ji inda na dosa.

Kwanaki na je gida Fakku, ina zaune da kakata ina yi mata bayanin wai likitoci sun ce a riƙa motsa jiki. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, mu lokacinmu wa yas san wani motsa jiki? Mu yi daka da rana, mu yi gaɗa da dare." Na tafi da maganar nan a raina, don duk karatuna ita ta fi ni gaskiya.

Duk wadda ta taso a ƙauyukan Kebbe ko Tambuwal ta san yadda gaɗa take. Farin wata ya fito, an ci tuwo, 'yan mata su yi da'ira suna tafi suna waƙa. Ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, ta juyo ta faɗo da baya a hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla sama, ta dira, wata ta shiga. A yi awa guda ana haka. Ku lissafa abin da jiki ya samu: tsalle, durƙuso, ɗaga nauyin mutum, numfashi mai ƙarfi saboda waƙa, ga dariya. A birni kuɗi ake biya kafin a samu rabin wannan. Maza ma ba a bar su a baya ba. Gangar noma a ranar gayya aikinta ke nan, ta sa fartanya ta riƙa sauka tare da kiɗa har a gama gona ba a ji gajiya ba. Lugude kuwa ai rawa ce da taɓarya a hannu.

Yanzu injin niƙa ya karɓi daka, babur ya karɓi tafiyar ƙasa, waya ta karɓi hira, rashin tsaro kuma ya sa iyaye da dama ba sa barin yara su fita da dare, kuma suna da gaskiya. Saurayi ko ba komai yana da filin ƙwallo. Budurwa fa? Matar aure da ke cikin gida fa? Su ne aka ɗauke wa dandali ba a ba su komai a madadinsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kullum. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma mata sun fi maza yawa a ciki.

Me rawa take yi a jiki? Idan kina takawa, manyan tsokokin cinya da ƙugu ne ke aiki. Suna neman iska, sai zuciya ta ƙara bugu. Idan ana yi a kai a kai, zuciya tana ƙarfi, jijiyoyin jini suna sakewa, hawan jini yana sassautawa. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini, shi ya sa ake matsa wa masu ciwon suga su riƙa motsi. Dirowa a kan ƙafa kuma tana ƙarfafa ƙashi, abin da mace ke matuƙar buƙata idan shekaru suka ja.

Amma ɓangaren da ya fi ja hankalina shi ne na ƙwaƙwalwa. A 2003 wasu likitoci a birnin New York na Amurka suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffi 469 da suka haura shekara 75. Cikin ayyukan motsa jiki da suka duba, har da iyo da tuƙa keke, rawa ce kaɗai aka ga masu yin ta sun fi tsira daga cutar mantuwa ta tsufa. Wannan bai tabbatar da cewa rawar ce ta kare su ba, amma dalilin da ake hasashe yana shiga hankali: mai rawa tana sauraren kiɗa, tana tuna taku, tana lura da na kusa da ita, duk a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa ba ta samun zama.

Sai ciwon damuwa, wanda mu matasa muke fama da shi muna ɓoyewa. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta wallafa wani bincike da ya tattara gwaje-gwaje 218 da aka yi a kan mutum sama da 14,000 masu wannan ciwo. Tafiya, sassarfa da ɗaga nauyi duk sun taimaka. Rawa ta nuna sauƙi mai yawa, sai dai gwaje-gwajen da aka yi a kanta kaɗan ne, don haka masu binciken ba su cika baki ba, ni ma ba zan cika ba. Akwai kuma masana a Jami'ar Oxford da suka gano cewa mutanen da suka yi rawa tare, taku ɗaya, sun fi jure zafi bayan sun gama, kuma sun fi jin kusanci da juna. Suna danganta hakan da sinadarin endofin da jiki ke saki. Da na karanta sai na tuna yarinyar da ke faɗawa da baya ba ta ko waiwaya ba, don ta san za a cafe ta.

To, maganar addini. Ni ba malama ba ce, ba fatawa na zo bayarwa ba, kuma kowa ya san malamai sun yi magana mai yawa a kan kiɗa. Rawar da nake nufi ba ta cakuɗuwar maza da mata a wurin biki ba ce, ba kuma ta ɗora waya a nuna wa duniya ba. Ina nufin ke da ƙannenki a tsakar gida, ko ke kaɗai a ɗaki kin turo ƙofa. Wadda ba ta son kiɗa, tafi ya ishe ta. Gaɗa dama ba ta taɓa buƙatar ganga ba.

Idan za ki fara, minti 10 ya isa a makon farko, ki riƙa ƙarawa. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kina iya magana amma waƙa tana yanke miki, kin kai matsakaicin da ake so. Da zafin ƙasar Sakkwato, musamman daga Maris zuwa Mayu, a yi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ruwa yana kusa. Mai juna biyu, mai sikila, mai ciwon zuciya ko wadda hawan jininta ya yi tsanani, ta fara tambayar ma'aikacin lafiya. Jiri ko ciwon ƙirji ya taso, a tsaya nan take. Kuma don Allah kada wani ya ajiye maganinsa ya ce ai yana rawa. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, ko yake jin rayuwa ta ishe shi, asibiti zai je. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kafin in baro gida sai da na sa kakata ta koya wa ƙannena gaɗa biyu cikin na zamaninsu. Tana zaune a tabarma tana ba da waƙa, su suna amshi. Ba a yi minti biyar ba ta ce ba haka ake takawa ba, ta miƙe.