Gaisuwa Daga Bakin Daji

Duk wanda ya taɓa noma gonar nesa a Darini ya san daɗin muryar maƙwabci. Kana duƙe da fartanya, rana ta take, gero ya rufe ka ba ka ganin kowa, sai ka ji an ɗaga murya daga can: "Sannunku da aiki!" Ka miƙe, ka share gumi, ka amsa: "Yawwa, sannu kadai!" Ba ku ga juna ba, ko ɓarin goro bai shiga tsakaninku ba, amma kowa ya koma kan kunyarsa da ƙarfin gwiwa.

Akwai mutane a duniya da suka ɗauki irin wannan gaisuwa abin sha'awarsu, sai dai su da rediyo suke yin ta. Ba irin akwatin da muke murɗawa da asuba mu ji labarai ba. Nasu yana ji yana kuma magana, kamar oba-oba, amma mai cin dogon zango. Kowane ɗayansu yana da lasisi daga gwamnatinsa da lambar kira: ta ɗan Najeriya kan fara da 5N, ta ɗan Nijar da 5U.

Mutum zai goya jakarsa ya shiga gandun daji da hukuma ta keɓe, ya sami gindin bishiya mai tsawo. Ya ɗaura dutse a bakin igiya ya wurga kan reshe, ya ja siririyar waya sama, ya jona batir, ya ɗora littafi a cinya. Daga nan sai ya fara kira a kan mita 20 ko 40, yana faɗin lambarsa da lambar dajin da yake ciki. Muryar takan hau sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a wata nahiya, yadda dai tashoshin gajeren zango ke iske mu har cikin ɗaki. Wani lokaci ya daɗe yana kira ba abin da yake ji sai ƙarar iska. Can sai wani ya amsa daga Jamus, kafin ya gama rubutawa wani ya faɗo daga Italiya.

Manyan tsare-tsare biyu ne ke ba da shaidar yabo kan wannan. Akwai WWFF, na tsirrai da namun dajin duniya, wanda ya samo asali a Rasha a 2008. A nan sai mutum ya yi magana da tashoshi 44 kafin a ce ya tayar da daji, har lambar 44 ta zama sallamarsu. Akwai kuma POTA, da ya tsiro bayan bikin 2016 na cikar hukumar gandun dajin Amurka shekara ɗari. Shi tashoshi 10 sun isa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne wanda ya amsa daga gida ma yana da rabonsa. Mafarauci suke ce masa, ko da yake daga kan kujerarsa yake farautar. A POTA, in ya kama gandun daji 10 daban-daban ya sami takardar farko. Takarda ce kawai, babu ko sisi a ciki. Kuma ba da baki ake karɓarta ba: wanda ya shiga daji yakan miƙa littafinsa, da lokaci da lambar kowa, kamar yadda uwar adashe ke riƙe da lissafin zubi. Wanda sunansa ba ya ciki, kome rantsuwarsa, ba shi da kwasa.

Mu ma muna da daji. Dajin Rugu ya kwanta a gefen Batsari da Safana, ya miƙe har Zamfara. Iyayenmu sun yi kiwo a cikinsa, sun saro itace, sun ɗebo zuma da saiwoyin magani. Yau sunansa kawai za a ambata mutane su yi ƙasa da murya. Wanda aka gani da oba-oba ya nufi wajen, kafin ya buɗe baki an ce infoma ne, kuma ban ga laifin masu zargin ba, don abin da 'yan bindiga suka yi mana ya isa ya sa mutum ya ji tsoron inuwarsa. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu biyun, mutum kan yi tafiya mai nisa don kawai ya shaida wa ɗan'uwansa cewa yana raye. Na sha tunanin wancan mai waya a kan reshe a lokacin, shi da ba ya buƙatar ƙarfen sabis ko kati.

Ina so in ga ranar da wani yaro daga Safana zai zauna a gindin tsamiya a bakin Rugu, batir a gefe, littafi a cinya, ya faɗi lambarsa mai farawa da 5N. Tsamiyoyin suna nan, da rassa masu tsawon da ake so. Gonakin da ke kusa da su ne ciyawa ta cinye, tun da masu su suka daina zuwa.