Yadda Na Mai Da Bayan Mota Ɗakin Kwana

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni fili in gaya wa 'yan'uwana fatake wata dabara.

Ni mutumin ƙasar Ruma ne, ina jigilar rogo daga Batsari da a-kori-kura. Saboda tsoron 'yan fashin dajin Rugu na bar tafiyar dare, duk garin da magariba ta same ni nan nake kwana. Kuɗin masauki kuwa yana cinye riba.

Sai na lanƙwasa gora uku bisa bodin motar, na ɗora zana, sa'an nan tamfal, gama zana tana tare zafin rana. Katako biyu da tabarma suka zama gado, na rataya gidan sauro a jikin gora. Jarkar ruwa na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, iska tana sanyaya ta.

Amma ga gargaɗi. Kada hunturu ya sa mutum ya shiga da kaskon gawayi ya rufe tamfal. Iskar gawayi ba ta da wari, takan kashe mai barci bai farka ba.

Haza wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, Batsari.