Baƙo da jarkar ruwa a ƙasar Venda

A can arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, cikin lardin Limpopo, daga gindin duwatsun Soutpansberg har zuwa iyakar Zimbabwe, nan ƙasar mutanen Venda take. Wasu ƙauyukansu, irin na yankin HaMakuya da ke maƙwabtaka da gandun dajin Kruger, sun saba karɓar ɗaliban jami'a daga Amurka da biranen Afirka ta Kudu, su sauka a gidan wani iyali na 'yan kwanaki. Yawancin ɗaliban suna zuwa ne da ɗokin ganin rawar tshikona ta masu busa sarewa, ko zanen minwenda mai ratsi-ratsi da mata ke ɗaurawa. Amma abin da ke sa zuwan ya yi amfani yana faruwa ne ranar da aka daina shimfiɗa wa ɗalibi tabarmar baƙo, aka miƙa masa jarka aka ce ya bi yara zuwa famfo.

Tun daga gaisuwa darasin yake farawa. Namiji ya ce "Ndaa", mace ta ce "Aa", kuma ba a tsaye ƙiƙam ake gaida babba ba. Ana russunawa a haɗa tafin hannu, mace ma takan durƙusa har ta kishingiɗa gefe guda. Wannan shi ake kira u losha. Ɗalibin da ya ga mace a ƙasa haka zai yi saurin yanke hukuncin cewa mata ba su da ta cewa a nan, sai zama ya gyara masa kuskure. Makhadzi, wato gwaggo, 'yar'uwar uba, ita ake jira kafin a yanke maganar aure ko a sasanta rikicin dangi, ita ke jagorantar sha'anin kakanni, kuma a gidan sarauta da bakinta ake tabbatar da magaji. Littafi zai iya faɗa wa mutum haka a layi ɗaya, amma sai ya ga yadda maigida ke sassauta murya idan ta shigo sannan maganar ta zauna masa. Haka abinci. Vhuswa tuwon masara ne da ake tuƙawa a zuba shi hawa-hawa a faranti, a ci da miyar ganye. Delele ɗinsu mai yauƙi shi ne lalon da muka sani. Sai mashonzha, busasshiyar tsutsar bishiyar mopane, wadda baƙi ke yamutsa wa fuska, ko da yake wanda ya tashi da cin fara ba shi da bakin yi wa masu cinta dariya.

Jarkar ruwan nan kuwa tarihi ce a cikinta. Gwamnatin wariyar launin fata ta ware Venda a matsayin "ƙasa mai 'yanci" a 1979, da babban birni a Thohoyandou, 'yancin da duniya ba ta amince da shi ba, har aka mayar da yankin cikin Afirka ta Kudu a 1994. A tsawon wannan zamani da ma kafinsa, aikin ƙauyukan shi ne tura majiya ƙarfi zuwa ma'adinai da masana'antun Johannesburg. Shi ya sa har yau gidaje da yawa kaka ce ke riƙe da jikoki, da kuɗin tallafin tsofaffi da na yara da gwamnati ke biya. An kammala madatsar Nandoni a kan kogin Luvuvhu a 2005, duk da haka ƙauyuka da dama na dogaro da famfon unguwa ko rijiyar burtsatse, a turo jarkoki a baro. Wanda ya tura baron nan da sassafe ya fahimci dalilin da ya sa ake wanke kwano da ruwa kaɗan, ruwan wankin kuma ba a zubar da shi a banza.

Akwai masu cewa duk wannan yawon kallon talauci ne: ɗan masu hali ya zo ya ɗauki hoto, ya koma ya ce ya san Afirka. Zargin yana da tushe, musamman inda masu masaukin suka ɓoye wayar salula da talabijin don baƙo ya ga "gargajiya", ko inda kuɗin ya tsaya a hannun masu shirya tafiyar. Maganinsa shi ne ƙauyen da kansa ya tsara wa zai karɓi baƙo, a riƙa juyawa gida-gida, kuɗin ya shiga hannun matar da ta hura wutar. Wasu kuma su ce kwana uku ba ya koyar da komai, ai John Blacking, masanin kiɗa ɗan Ingila, sai da ya zauna cikin mutanen Venda daga 1956 zuwa 1958 kafin ya rubuta littafinsa kan waƙoƙin yaransu. Gaskiya ne, kuma duk ɗalibin da ya dawo yana yi wa mutane bayanin "al'adar Venda" bayan kwana uku ya wuce gona da iri. Sai dai kwanakin sun isa ya gane cewa Tshivenda, yaren mutanen Venda, harshe ne na hukuma da ake karantawa a Jami'ar Venda da aka kafa a 1982, kuma yarinyar da ta gyara masa gaisuwa sau uku da safe tana iya zama ita ma ɗalibar jami'ar da ta zo hutu gidan kakarta.