Kutsawa Gidan Wani a Indiya: Tara Ta Ƙaru, Ɗauri Bai Canja Ba

Ranar 1 ga Yuli, 2024, Indiya ta ajiye kundin laifuffukanta na 1860 da Turawan mulkin mallaka suka tsara, ta fara aiki da sabo, Bharatiya Nyaya Sanhita. Tsohon kundin ba baƙonmu ba ne: daga shi aka samo na Sudan, daga na Sudan kuma aka ciro Final Kod ɗin Arewacin Nijeriya.

A da, wanda ya kutsa gidan wani, ko wurin ibada, ko ma'ajiyar kaya, da niyyar aikata laifi, tsoratarwa ko cin mutunci, sashe na 448 ya tanadar masa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce rufi 1,000 ba, ko duka biyun. Ba sai ya shiga gaba ɗaya ba, zura hannu ta taga ma ya isa.

Sabon sashe na 329 bai taɓa ɗaurin ba, tarar ce ta koma rufi 5,000. Gyaran ya makara ƙwarai, idan aka duba yadda darajar kuɗi ta zube. Wanda kuwa ya shiga da shirin raunata mutum, har yanzu ana iya ɗaure shi shekara bakwai.