Otobong Nkanga: Haifaffiyar Kano Mai Sassaƙa

A Kano aka haifi Otobong Nkanga a 1974. Ta tashi a Legas, ta yi karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, sannan a Faris. Yanzu tana zaune a Antwerp, ƙasar Beljiyam.

Aikinta ya haɗa sassaƙa, saƙa da zane. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ƙasa: ina ake haƙo ma'adinai, su wa ke ɗanɗana kuɗarsu? A wani aikinta takan zaunar da baƙo, ta fasa goro, a ci ana hirar tarihin goron. A 2017 ta haɗa baƙin sabulu a Girka, aka sayar a baje kolin documenta a Jamus. Ita ta lashe kyautar Nasher ta 2025, babbar lambar yabon masu sassaƙa.