Ko Kun Sani? Burauza Ma Da Kuɗi Ake Sayenta A Da

Mai buɗe Opera Mini ko Chrome a wayarsa a kasuwar Magaria ko Dungass bai taɓa biyan ko dala ɗaya ta manhajar ba. A 1994 kuwa, da burauzar Netscape Navigator ta fito a Amurka, kamfanoni sayenta suke yi. Sai Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995, ya raba ta kyauta, daga baya ya ɗaure ta cikin Windows. A Janairun 1998 Netscape ya daina karɓar kuɗi, kafin shekarar ta ƙare kamfanin AOL ya sanar da sayensa, gwamnatin Amurka kuma ta maka Microsoft a kotu.

Za a ce ai mai amfani ne ya ci riba, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai kyautar makami ce ta kashe kishiya: da fagen ya zama na Microsoft, sama da kashi 90 cikin 100 na hannunsa, sai ya bar Internet Explorer 6 tun daga 2001 har 2006 ba sabon salo. Opera ta jure, tana sayar da tata ko ta cika ta da talla har 2005, sannan ta kawo Opera Mini mai matse shafuka don rage cin data, abin da mai sayen kati da 'yan sefa ya fi damuwa da shi.