Manhajar da aka gina da .NET za ta yi aiki a kan Linux?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro ga Windows 10, sai dai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma irinsu ake yawan samu a shagunan buga takardu da na magani a garuruwa kamar Tungan Magajiya da ke masarautar Kontagora, garin da makarantar koyon aikin kiwon lafiya ke tara ɗalibai.

Mafita ɗaya ita ce a sanya Linux, tsarin gudanar da kwamfuta da ake samu kyauta, wanda wasu nau'o'insa ba sa yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Inda gizo ke saƙa shi ne manhajar da mai shago ya dogara da ita, ta lissafin kaya ko ta ajiye bayanan masu sayayya. Da yawa an gina su ne a kan .NET, wato harsashin da Microsoft ya tanadar wa masu rubuta manhaja. Idan babu shi, manhajar ko buɗewa ba za ta yi ba.

Amsar ta danganta da wane .NET ake nufi, domin iri biyu ne. Tsohon, .NET Framework, ya fito a 2002 don Windows kaɗai. A 2014 kamfanin ya sanar da buɗe asalin rubutun sabon salo ga kowa, ya kuma fitar da shi a 2016 da sunan .NET Core. Wannan yana aiki kai tsaye a kan Linux, kamar Ubuntu. Sai dai sassan da ke zana tagogi da maɓallai, wato Windows Forms da WPF, har yanzu na Windows ne kaɗai. Saboda haka manhajar da ake shiga ta burauza kan tsallake lafiya, amma ta kan tebur, ko da sabuwa ce, takan maƙale.

Ga irin waɗannan akwai Wine, wanda ke fassara wa Linux buƙatun manhajar Windows, da kuma Mono, wanda Miguel de Icaza, ɗan ƙasar Meziko, ya fara a 2001 don kwaikwayon tsohon .NET. A 2024 Microsoft ya miƙa Mono ga masu kula da Wine. Hanyar takan yi aiki, amma babu tabbas, musamman idan manhajar na tafiya da wata na'ura, kamar ta ɗaukar zanen yatsa, wadda direbanta na Windows ne.

Kafin a goge komai, sai a tambayi wanda ya rubuta manhajar a kan wane .NET ya gina ta, a kwafe bayanai a wani wuri, sannan a tayar da Linux daga filasha a gwada, domin hakan ba ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar.